Ki Ɗauke Shi Gaban Kowa

Da sunan Allah, mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga Yayarsu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida ɗan angona Abdulkarimu, da mahaifinsa, da uwar mijinki Hajiya Tumba, da dukan mutanen gidan manya da yara. Ina fatan kun sauka lafiya, hanyar Takanamat ba ta jijjiga miki jiki sosai ba, ke da ba ki daɗe da gama wankan jego ba. Allah ya tsare ku da tsarewarsa, ya sa ruwan garin ya karɓe ku, ya raba ku da zazzaɓi da mugun ido da mugun baki.

Mu nan Tawa muna lafiya, sai zafi. Ba zan ɓata takarda da labarin gari ba, ƙannenki za su ba ki shi a waya har ya ishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san hannuna ya fi sabawa da almakashi da keken ɗinki, karatun nawa kuma na yaƙi da jahilci ne. Inda kika ga harafi ya karkace, ki miƙe shi da kanki.

Ranar da kuka tashi na raka ki tasha, abin da ban saba ba. Babanku har ya tambaye ni ko zare ne ya ƙare mini zan biya kasuwa. Da magana na tafi a bakina, tun daga ƙofar gida nake maimaita ta a bayan kabu-kabu. Kika shiga mota, aka miƙa miki yaro, direba ya tada inji, na leƙa ta taga na buɗe baki. Me na ce miki? Na ce ki kula da bokitin nan kada murfinsa ya faɗi a hanya. Bokiti! Kika ce, “To, Inna,” mota ta ja, ta bar ni tsaye da maganata. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro. Takarda ba ta da idon da za ta kalle ni, ba zan ji kunyarta ba.

Abin da ya samu yaron nan kin san shi, gabanki aka yi. Amma zan sake ba ki shi daga inda ni nake tsaye, domin akwai abin da ba ki gani ba.

Hajiya Tumba ta zo da ƴan'uwanta su ga jikansu, su kuma tsaida ranar komawarki. Kin tuna zafin da aka yi a kwanakin nan, ga wuta an ɗauke, fanka ta tsaya cak, yaron kuma dama cikinsa ya ɗan ɓaci yana zawo. Na shimfiɗa musu tabarma a ɗakinki don shi ya fi sanyi. Tun da suka zauna kika ja mayafi kika rufe fuska, kika juya wajen bango, wai ke mai kunyar ɗan fari. Yaro ya fara kuka, ba ki motsa ba. Wannan ta ɗauke shi ta jijjiga, ta miƙa wa waccan, waccan ta ɗiga masa ruwan randa da cokali. Ke sai in sun fita alwala kike jawo shi ki ba shi nono a gurguje, da kin ji takunsu ki cire masa ki ajiye shi kamar kayan aro. Suka kwana, gari ya waye, aka ci gaba a haka.

Ina kawo musu fura Hajiya Tumba ta dube ni ta ce, “Kai, Hajiya, kin iya renon ɗiya! Ɗiyan yanzu sai ki ga sun rungume ɗan hwari gaban surukai suna yi mashi rawa, ba kunya ba ta-ido. Wagga ko duban shi ba ta yi.”

Ga abin da ba ki gani ba: daɗi na ji. Wallahi daɗi na ji, har kaina ya yi girma. Na ce mata, “Haka munka taso, haka munka koya masu.” Na fita ina taku ɗai-ɗai, na je madafa na ƙara musu nama a miya. Jikana yana can yana shiɗewa da kuka, ni ina ƙara nama a miya. Duk lokacin da na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Bayan azahar kukan ya tsaya. Na ce alhamdu lillahi, ya samu barci. Na shiga kwashe kwanoni, idona ya faɗa kansa. Idanunsa a buɗe rabi, ba ya kallon kowa. Leɓɓansa sun bushe. Maɗigarsa ta faɗa ciki, kamar an danna yatsa a malmalar tuwo. Na ɗaga hannunsa na saki, hannun ya faɗi yaraf. Innalillahi! Ban san lokacin da kwanonin suka zube ba, ban san lokacin da na sure shi ba. Sai a bakin titi, ina ɗaga wa mai kabu-kabu hannu, na ga ashe ba takalmi a ƙafata, ba mayafi a kaina.

A likitar unguwarmu, malamar da ta karɓe shi ta tambaya yaushe rabonsa da ƙoshi da nono, yaushe rabonsa da fitsari. Kika dube ni, na dubi ƙasa. Ta nemi jijiya a ɗan hannun nan ta rasa, ta koma ɗayan. Ta soka allura, bai yi kuka ba. Yayarsu, na ga tashin hankali a rayuwata, iyayena duka gabana suka cika, amma ban taɓa jin tsoro irin na ganin an soka wa jariri allura ya yi shiru ba.

Aka sa masa ƙarin ruwa, aka ce mu jira a benci. Nan tsoron ya juye mini ya zama faɗa, kin dai san halina. Na ce miki, “Ke wace irin uwa ta? Ɗanki na kuka tun jiya kina zaune kamar an dasa ki?”

Ba ki ɗaga murya ba, ba ki ma ɓata fuska ba. Kika ce, “Inna, abin da na gani shi na yi. Ke kin taɓa ɗaukata gaban mutane? Ni ko sunana ban taɓa ji ga bakinki ba.”

Na buɗe baki in ce ƙarya kike. Na laluba shekarunki duka, tun daga ranar da aka yanke miki cibi, ban samu rana ɗaya da zan kafa hujja da ita ba. Allah ya taimake mu yaron ya farfaɗo, ya tsala kukan da ban taɓa jin mai daɗinsa ba, kika ba shi nono ya kama. Kowa ya ce an auna arziki. Ni kuwa tun daga bencin nan ban koma daidai ba. Shekaranjiya na ɗinke wa wata mata wuyan riga ruf, ba inda kai zai shiga, sai da ta zo gwadawa muka gani.

Yanzu ga ki a gidan matar da ta yaba miki, cikin dangin da suka riga suka ɗauke ki mai kunya, a ƙauyen da likita ke da nisa, ba kabu-kabu a bakin ƙofa. In abin nan ya sake faruwa a can, ba na jin za a kai shi da rai. Wannan ne ya hana ni sakat. Tunda da ni kika yi koyi, ki saurara in nuna miki wuraren da na kauce.

Da na gama wankan jegon haihuwarki aka mai da ni gidan su babanku a Bambeye. Lokacin kaka ne, aiki ya yi yawa, babban gida, mata cike da tsakar gida. Ina daka kina kuka a tabarma, nono yana zuba har ya jiƙa mini gaban riga, ni kuwa ina ƙara ɗaga taɓarya don a ga ban damu ba. Sai kakarki, Allah ya ji ƙanta, ta gaji ta ce, “Ke, ba ki jin ɗiyar mutane na kuka?” Sannan in ajiye taɓarya ina ɓata rai kamar an tilasta mini, in ɗauke ki da hannu ɗaya in zagaya bayan rumbu. A can ne nake sunsunar kanki, ina wasa da ƴan yatsunki, ina waige kada a gan ni. Kika rame. Aka ce nonona ne ba shi da kyau, aka dinga ɗura miki na akuya. Allah ya yi da sauran kwananki, kika rayu. Ni kuma don wauta sai na ɗauki rayuwar taki shaida ce cewa abin da muka yi daidai ne.

Ki ba shi nono duk lokacin da ya nema, ko ina kike, ko wa ke zaune. Kada ki jira a ce miki ɗan mutane na kuka. Ba ɗan mutane ba ne, ɗanki ne, kuma abincinsa a jikinki Allah ya ajiye shi, ba a randar Hajiya Tumba ba. A ƙasan jakarki, ƙarƙashin zannuwan goyo, na sa miki riguna masu maɓalli a gaba, da babban mayafi marar nauyi wanda iska ke ratsawa. Ki yafa shi ya rufe ku duka, ba wanda zai ga komai. Ruwa kuwa kin ji abin da malamar ta ce da kunnenki: kada a ba shi, ko na randa ko jiƙo, sai ya cika wata shida, duk zafin da ake yi nono ya ishe shi. Ke ce za ki sha ruwan, ki sha fura, ki sha kunu, ya same shi ta jikinki. Ki riƙa duba tsummansa. In ya daɗe bai jiƙa ba, ki shafa maɗigarsa, ki duba leɓɓansa. In ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi laushi, ko zawon ya dawo, kada ki tsaya neman shawarar tsakar gida, ki sa mijinki ya tada moto, babur ɗin nan nasa. Kuma ki fi jin tsoron shirunsa a kan kukansa. Ni da na ce alhamdu lillahi da ya yi shiru, ni na gaya miki.

Abin mamaki bai ƙare mini ba a wannan jegon naki. Ranar da kika haihu, da na ga malaman likita sun ɗora miki shi a ƙirji ya kama nonon farko, saura kaɗan in fizge shi. Mu dakashi muke ce masa, ƙazanta muka ɗauke shi. Naki kuwa, lokacin da na haife ki, da hannuna na matse shi na zubar a ƙasa, aka ba ki ruwan jiƙo kina cikin tsumma. Malamar ta ce mini wannan ruwan ɗorawar shi ne rigakafin farko na jariri. Na tsaya ina kallonta, ina tuna inda na zubar da naki. To ki riƙe wannan don na gaba in Allah ya kawo. Haka in wanzami ya zo aski, aski kawai, kada a buɗe masa baki a ce za a cire beli. In an matsa miki ki ce a bari a tambayi likita. Ranar allurar rigakafi kuma ko ana ruwa ki je.

Ban ce Hajiya Tumba muguwa ce ba, kada ki ɗauka haka. A likita ita ce ta riƙe ƙafar yaron tana salati, hawaye na zuba, kuma a hanyar dawowa ta ce mini, “Hajiya, mun kusa kashe shi da yabo.” Amma tsoron nan zai sake ta. Za ta koma cikin maƙwabtanta, wata ta gan ki rungume da shi ta taɓe baki ta ce ga ɗiyar birni, ita kuma ta ji nauyi ta yi miki magana. Kada ki yi musu da ita. Ki durƙusa ki gaishe ta kamar kullum, ki rage murya gabanta, kada ki kama sunan ɗanta, ki karɓi tsintsiya daga hannunta in kin samu ƙarfi. Wannan kunyar duk ki riƙe ta, kyakkyawa ce, ba ta taɓa kai kowa likita ba. Amma in aka zo kan yaro ki ce, “Inna ta sa ni, ta ce in ban yi ba ba ta yahe ba.” Ki jibga mini laifin duka. A ce Hajiya mai ɗinki ta tsufa ta zubar da kunya. Na yi shekara da shekaru ina tattalin sunan mai kunya a garin nan, ban ga abin da ya tsinana mini ba sai jika a kan gadon likita.

Akwai tabon nan na hannunki na hagu, wanda kike rufewa da warwaro. Kin san wuta ce, ba ki san sauran ba. Mun dawo Tawa kina koyon tafiya, ana suna a gidan maƙwabta, tsakar gida cike da mata. Kika yi tuntuɓe kika faɗa bakin murhu. Kika tashi da ihu, kika ratsa matan nan duka, hannu a sama, kika nufo ni kai tsaye. Idanu suka juyo kaina a ga abin da zan yi. Na kau da kai na ce wa matar da ke kusa da ni, “Ɗauke ta ki ga mi ya same ta.” Ta saɓa ki a kafaɗa ta yi waje da ke, kina leƙena ta bayan wuyanta kina miƙo mini hannun. Aka ce, “Kai, wance akwai kunya!” Na ci gaba da yanka albasa, na bar albasa ta ɗauki laifin hawayen.

Daga baya kika daina gudowa wurina. In kin faɗi sai ki tashi ki kakkaɓe, in kina ciwo sai ki shige ɗaki ki kwanta. Ni kuma ina gaya wa mutane da alfahari wai yarinyar nan akwai dauriya. Sai da naƙudar Abdulkarimu ta zo na ga irin dauriyar da na koya miki. Kin wuni kina murƙususu a ɗaki, ni ina tsakar gida ina taka keke, ba ki kira ni ba, sai da ƙanwarki ta shiga ta fito da gudu. Ɗiyar da na haifa tana naƙuda, bango ɗaya tsakaninmu, ba ta ga ni ce wadda za a kira ba! A ranar ma ban gane ba, faɗa na yi miki. Sai a bencin likita abin ya haɗu a kaina.

Yaron nan zai yi rarrafe, zai faɗi, zai taɓa abin da ba a taɓawa. Hannun farko da zai ɗaga shi ya zama naki, ko maigari ne ke zaune a wurin. Ke ma kuma ki ajiye wannan dauriyar, ba halittarki ba ce, ni na ɗora miki. Jego bai ƙare don an daina dafa ruwan wanka ba. In jini ya dawo da yawa, ko kai ya dinga sara miki, ko ƙafa ta kumbura, ko nono ya yi tauri da zazzaɓi, ki faɗa a ranar, kada ki bari sai gobe. Kunun kanwa ki kurɓa kaɗan don kada a ce kin raina, kada ki mai da shi ruwan sha. In yaro ya yi barci da rana ke ma ki kwanta, wanki ba zai gudu ba. Akwai kuma abin da mu ba a gaya mana ba. Wata rana za ki ji kuka ya taso miki ba dalili, ki ji kin gaji da kowa har da yaron. Ya same ni bayan haihuwarki, na ɗauka iska ce ko ƙarancin imani, na haɗiye ni kaɗai. Kada ki haɗiye. Ki gaya wa mijinki, ki kira ni, ko me nake yi zan ajiye.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne ranar da kika ci jarrabawar brebe. Kika shigo da gudu daga lakwal, makarantarku, takalmi a hannu, kina haki, “Inna, na ci! Na ci!” Wasu mata na zaune suna jiran ɗinkinsu. Ban ɗaga kai daga keke ba. Na ce, “To, madalla. Awaki ba su sha ruwa ba.” Ta gefen ido na ga yadda fuskarki ta sauka, kika ajiye takalmin a hankali kika ɗauki bokiti. Da matan suka tafi na shiga bayi na rufe ƙofa na yi rawa ni kaɗai, uwa guda, ina guɗa cikin tafin hannu kada a ji. Me rawar nan ta amfana miki? Ke dai abin da kika samu ranar shi ne awaki.

Abdulkarimu ya fara murmushi, na gani kafin ku tafi. In ya yi miki ki mayar masa, ki yi masa surutu, ki yi masa waƙa ko da muryar taki irin ta babanku ce. Ki kira sunansa. Ki kira shi da safe, ki kira shi gaban baƙi, har bakinki ya saba, don in ya saba da rufewa buɗe shi aiki ne, ni shaida ce. Mijinki ma na lura da shi. Sai ya tsaya bakin ƙofa yana leƙen ɗansa kamar mai son satar kaza, da ya ji motsina ya zaro waya yana latse-latse. Mushe guda, malamin makaranta mai koyar da ƴaƴan mutane, yana tsoron nasa! Ki ɗora masa shi a cinya ki tafi wanka, ki daɗe.

Ba zagin iyayenmu nake ba. Na tambayi babanku ko abin nan yana cikin littafi, ya ce shi dai bai gani ba, iske shi muka yi. Wataƙila suna da dalilinsu. A gidan Bambeye in uwa ta kau da kai akwai cinyoyin da za su karɓa, har da masu shayarwa, kuma suna so yarinya ta san ɗa na dangi ne, ba nata ita kaɗai ba. Amma ni na ɗauki abin na wuce da shi inda su ma ba su kai ba, saboda ina son yabo. Ƙannenki na goya su, na yi musu wasa gaban kowa, na kira sunayensu har maƙwabta suka gaji da ji. Ke kuwa kafin su zo “ke” ce, da suka zo kika zama Yayarsu. Kina tsaye kina kallo, ban taɓa tambayar kaina abin da kike gani ba.

Kin sha yi mini ƙorafi wai na cika gwada ki, kowace riga sai na sake awo, alhali ƙannenki da ido nake yanka musu. Na san awonki fiye da na kowa a duniya, ko daga barci aka tashe ni zan yanka miki riga ta zauna. Amma in igiyar awo na hannuna, ba wanda zai ce komai don na dafa kafaɗarki, na zagaya hannuwa ta bayanki, na tsaya gyara miki wuya. Nan kaɗai nake samu in rungume ki. Shi ya sa nake cewa tsaya, ban ga lambar da kyau ba, a sake. Ke kina ƙunƙuni kina cewa Inna ta fara makancewa. Kin fi duk ƙannenki yawan tufafi, kina zaton don ke ce babba. Wankan jegon nan ma maƙwabta sun ce a ɗauko tsohuwar da ta saba, na ce ba wadda ta iya kamar ni. Ban fi ta iyawa ba.

Ina son ki. Ga shi na rubuta, takardar kuma ba ta kama da wuta ba. Ina son ki tun ranar da ungozoma ta miƙo mini ke na kau da kai, kuma ina baƙin cikin duk ranar da na bari kika yi shakka. Ki yafe mini.

Jiya da la'asar babanku na zaune gindin dogon yaro yana sauraren rediyo, ƙannenki na tsintar shinkafa. Na tsaida keke, na miƙe tsakiyar gida, na ce a raina yau sai na kira sunanki. Da farko iska ce kawai ta fito. Na yi gyaran murya na sake, sai ya fito da ƙarfin da ban nufa ba, har akuya ta zabura. Ƙannenki suka saki faifai suna kallona baki buɗe. Babanku ya kashe rediyo ya ce, “Hajiya, lahiya? Wa kike kira?”

Na ce, “Ɗiyata ta hwari nike kira.”

Ya dubi ƙofar ɗakin da kika yi jego, ya ce, “Ai ba ta nan.”

Na ce, “Na sani. Koyo nike.”

Bai sake kunna rediyon ba har aka kira magariba.

Zan ba direban motar ranar kasuwa takardar nan ya kawo miki. In kin karanta, ki goya yaro ki hau tudun bayan lakwal inda mijinki ya ce rezon waya na kamawa, ki kira ni. Kada ki aiko saƙon murya, kira nake so. Zan faɗe shi da bakina ki ji da kunnenki. In kika ji na fara tambayar murfin bokiti, kada ki kashe, ki jira ni, ina zuwa.

Allah ya raya Abdulkarimu bisa imani, ya sa nononki ya ishe shi, ya tsare shi daga zafin rana da ciwon da ba a gani da wuri. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sanyaya zuciyar surukanki a kanki, ya tsare mijinki a hanyarsa ta zuwa da dawowa. Allah ya sake haɗa fuskokinmu da alheri, ya ba ni kwanan da zan gyara abin da zai gyaru. Amin. Wassalamu alaikum.

Ki ɗauke shi gaban kowa, Rakiya. Kin ji, Rakiya?

Innarki